Gicciyen Leoncio

Shafi na 7

Ku masu cika min waya da "Don Chencho ka yi shiru, Don Chencho ina sauran", ku sani tasi nake ja. Ba rubutu ne yake ciyar da ni da matata Chabela ba. Da babban yatsa ɗaya nake buga abin nan a bakin kasuwa ina jiran fasinja. Wanda kuma ya ce rubutuna bai yi masa ba, aji uku na yi a makaranta, ya je ya nemi na masu digiri.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Wata Baturiya daga Bulgariya, sunanta Rumyana, ta ɗauke ni haya in nuna mata Nikaragwa. Na kai ta bakin dutsen wuta na Masaya, na kai ta Granada, ta ci shinkafa da wake har ta gaji. Duk inda muka je tana rungume da wata jaka a ƙirji. Na ɗauka kyamara ce. Sai jiya ta buɗe min. Gwangwanin ƙarfe ne a naɗe da jan ɗankwali, a ciki kuma ubanta ne. Ɗan ƙasar nan ne, ya tafi karatu can lokacin yaƙi bai dawo ba, ya mutu, suka ƙone shi ya zama toka. Mako guda ina yawo da gawa a kujerar gaba ban sani ba.

Da safe na same ta a ƙofar masaukinta, idonta ja.

"Chela, gobe jirginki," na ce. Chela muke ce wa duk mai farar fata. "Yau ina za mu? Kasuwar tsaraba?"

"Gida za mu kai shi."

"Wane gida?"

"Ban sani ba."

Na kashe mota. "Kin tsallako teku da mutum a gwangwani ba ki san inda za ki kai shi ba?"

"Ya faɗa min. Amma babu wurin. Na duba taswira a waya, na tambayi masu masauki, na tambayi wani fada a coci. Babu coci mai wannan suna, babu maƙabarta."

"Me ya ce?"

Ta rufe ido, ta faɗe shi kamar yarinya tana ba da hadda.

"Daga gicciyen Leoncio, layi ɗaya wajen tafki, rabin layi sama. Gida mai bishiyar gwaiba."

Dariya ta ƙwace min. Ba ta ji daɗi ba, amma na kasa riƙewa.

"Shi kenan? Wannan kika ɓoye min mako guda? Chela, ko jakin da yake jan amalanke a nan Managwa ya san gicciyen Leoncio. Na sauke fasinja a wurin ya fi a ƙirga."

"Akwai shi?"

"Babu."

"Don Chencho, kada ka yi min wasa."

"Wurin yana nan, gicciyen ne babu. Mu a garin nan wajen tafki arewa ke nan, sama gabas, ƙasa yamma, kuma ba ma kwatance da abin da yake tsaye. Gidana, daga inda sinima take a da, layi biyu ƙasa. Sinimar tun girgizar ƙasa ta rushe, ina goye a bayan uwata. Amma wasiƙa tana zuwa min."

"To wanda bai taɓa ganin sinimar ba fa?"

"Ya tambayi wanda ya gani."

"In duk sun mutu?"

"Sai ya tambayi 'ya'yansu. Shiga mota."

Ta shiga. Ta ɗora jakar a cinya, ta ja bel ta ɗaure su tare. Ni ban yarda da fatalwa ba, kun sani. Na yi yaƙi, na ga gawa iri-iri, ba wadda ta taɓa tashi ta bi ni. Amma ranar ban kunna rediyo ba, kuma duk ramin da na gani sai na kauce masa.

Muna cikin cunkoso ta ce, "Wane ne Leoncio?"

"Wani yaro da aka harbe a kwanar titin. Tuntuni."

"Ka san shi?"

"Ina zan san shi? Kwatance ne kawai. Ke kin san mutumin da aka sa wa titin gidanku sunansa?"

Ta juya tana kallon titi.

Muka isa. Kwana ce kamar kowace kwana. Mai faci a gefe ɗaya, rumfar katin waya a ɗaya gefen, kwata tana wari. Da aka faɗaɗa titin aka cire gicciyen, kwalta ta hau wurin.

"Ga shi," na ce.

"Ina?"

"Inda bas ɗin can ta taka yanzu."

Mai facin ya ɗago kai daga bahon ruwansa. "Chencho! Tsoho da kai ka samo Baturiya? Chabela ta sani?"

"Ta san ubanka. Gidan mai gwaiba, akwai mutane?"

"Gidan Doña Lastenia? Socorro tana ciki tana suya." Ya kalli Rumyana sosai ta tagar mota. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya koma kan tayarsa.

Layi ɗaya wajen tafki, rabin layi sama. Ga gwaibar, ta tsufa ta karkata kan rufin kwano. A ƙofa wata mace ce sa'ata, kakkaura, da kasko a gabanta tana soya ayaba ta sayarwa. Ba ta ɗago ba.

"Na nawa za a zuba, masoyi?"

Rumyana ta fito, ta gaishe ta.

Na taɓa gaya muku yadda yarinyar nan take magana. A bakin ubanta kaɗai ta koyi yarenmu, shi kuma tun yana saurayi ya bar ƙasar. Saboda haka in ta buɗe baki, ba mace mai shekara talatin da wani abu kake ji ba. Ɗan saurayin unguwa kake ji, na zamanin da muke layin sabulu, da kalmomin da ba wanda ya ƙara faɗa tun an daina yaƙi. Ni dariya abin yake ba ni.

Matar nan ba ta yi dariya ba. Matsamin ya suɓuce mata ya faɗa cikin mai.

"Jinin Almasihu," ta ce. "Wa ya koya miki wannan gaisuwa?"

"Babana. Ni 'yar Evaristo Mairena ce."

"Evaristo ba shi da 'ya."

"Yana da ni."

"Na ce ba shi da 'ya. Kun yi ɓatan kai. Direba, ɗauke ta."

"Ba ɓatan kai," na ce. "Shekara talatin ina jan mota a garin nan. Daga gicciyen Leoncio, layi ɗaya wajen tafki, rabin layi sama. Ko akwai wata gwaibar?"

Rumyana ta miƙa mata waya. Hoton wani dattijo ne mai furfura cikin ƙatuwar rigar sanyi, ƙanƙara har gwiwa. Matar ta kalla. Ta goge hannu a zani, ta sake kalla. Sannan ta leƙa layin hagu da dama. Tuni labule biyu sun motsa.

"Ku shigo kafin unguwa ta taru min a ƙofa. Kai ma, mai baki. Ba zan bar ka a waje kana tallata ni ba."

Ta sauke kaskon, ta ja ƙofar ƙarfe ta rufe.

Ɗakin da duhu, da sanyi kuma, alhali a waje rana tana dafa mutum. Kujerun lilo uku. Ta nuna min ta kusa da bango. Na zauna, na ce bari in ɗan yi lilo, kujerar ta ƙi. Ƙafarta tana cijewa. Na duba ƙasa. Duk ɗakin jan tayil ne irin na da, amma a ƙarƙashina an fasa an yaɓe da siminti, aikin wanda bai iya ba, faɗin tabarma ƙarama. Na haƙura da lilon.

A kusurwa akwai tebur, da hoton Budurwa Maryamu, da kyandir yana ci. Kofi biyu na ruwa a gabansa. A jingine da bango kuma ga shi nan. Gicciyen katako, shuɗi, fentin ya ɓare. Shekara da shekaru ina kiran sunansa ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Karatuna ba nisa, amma na haɗa baƙin.

Leoncio Mairena.

Rumyana ta riga ni karantawa.

"Mairena? Ɗan'uwan babana ne? Bai taɓa cewa yana da ɗan'uwa ba."

"Yana ina?" matar ta ce. "Me ya sa ya aiko ki bai zo ba?"

Rumyana ta zuge jakar. Ta fito da gwangwanin, ta warware ɗankwalin, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ya zo."

Na ga mutane suna karɓar labarin mutuwa. Wasu ihu, wasu faɗuwa. Wannan sai ta zauna a hankali, ta toshe bakinta da zani, ta juya tana kallon labulen ɗakin ciki.

"Yi magana a hankali. Mama tana barci."

"Kakata tana da rai?"

"A hankali na ce!"

"Ke ce Socorro? Ke ce goggona?"

"Ni ce."

"Goggo, cewa ya yi in kawo shi nan. Ya ce a sa shi a kabarinsa. Na ce Baba, wane kabari, kai da kake kwance a asibiti? Ya ce yana nan yana jirana tuntuni. Na ɗauka zafin ciwo ne."

Socorro ta yi wata dariya mara daɗi.

"Ba zafin ciwo ba ne. Kabarinsa yana nan. Ni nake share shi duk shekara ranar tunawa da matattu."

"Ban gane ba."

"Yarinya, ubanki ba Evaristo ba ne."

"Goggo..."

"Ubanki shi ne wancan." Ta nuna gicciyen da haɓa. "Ubanki Leoncio."

Rumyana ta kalli gwangwanin, ta kalli gicciyen.

"Amma Leoncio an harbe shi a kwana. Don Chencho ya ce..."

"Don Chencho ya faɗi abin da aka koya wa gari ya faɗa. Saurara, sau ɗaya zan faɗa. Yayyena biyu ne. Evaristo babba, mai ƙwaƙwalwa, shi ya ci gurbin karatu a ƙasarku. An yi masa fasfo, an yi komai, saura kwanaki ya tashi. Leoncio ƙarami, bai iya komai ba sai ƙwallo da tsokana. Shi kuma shekarunsa sun kai, an fara zuwa nemansa aikin soja. Kai direba, ka san lokacin."

"Na sani," na ce. "Daga cikin bas aka sauke ni, da buhun gawayin uwata a hannu."

"To. Ana cikin haka Evaristo ya mutu. Harsashi."

"Wa ya harbe shi?" in ji Rumyana.

"Lokacin kowa yana da bindiga." Ta faɗa da sauri, ba ta kalli kowa ba. "Mama ta tsaya a kan gawar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, na rasa ɗaya, ba zan ba daji na biyun ba. Ta ce wanda ya mutu Leoncio ne. Aka rufe akwati da ƙusa, ba wanda ya ga fuska. Aka binne Evaristo da sunan ƙanensa. Ƙanen ya ɗauki fasfon wansa ya hau jirgi."

"Da hoton wani?" in ji Rumyana.

"Sun yi kama. Kuma hoton fasfo na lokacin, ko biri ka manna zai wuce."

"Unguwa fa?" na ce. "Kar ki ce min layin nan makafi ne."

"Tsofaffin layi sun sani. Su ma suna da 'ya'ya maza, wa zai buɗe baki? Amma Mama ba ta yarda da shirun mutane ba. Shiru yana tsagewa. Sai ta sa kafinta ya yi gicciyen nan, ta kafa a kwana. Daga ranar duk wanda ya tambaye ta kwatancen gida, sai ta ce daga gicciyen Leoncio. Mai kawo takardar ruwa, mai wasiƙa, kwandastan bas, fada. Mai shagon kwana ya ɗauka, mai kantin magani ya ɗauka. Kafin shekara ta zagayo, kowa a nan gidansa daga gicciyen Leoncio yake farawa."

"Sojojin ba su dawo ba?" na ce.

"Sun dawo. Wani sabo aka turo, ya tsaya a titi yana tambayar gidan su Leoncio Mairena. Aka ce masa, daga gicciyen Leoncio, layi ɗaya wajen tafki. Ya tsaya ya karanta gicciyen, ya cire hularsa, ya juya."

Na ce, "Uwata ba ta da ɗa na biyu da za ta ara min sunansa. Ni na je. Mu shida daga layinmu, biyu muka dawo."

"To je ka kai ƙara," in ji Socorro. "Ga ta can a ɗaki, ba ta gani, ba ta da haƙori. Je ka kama ta."

Me zan ce? Da uwata ta samu dama, da ta yi fiye da haka. Abin da ya fi ci min rai, ni da bakina na yi shekara talatin ina taya su binne mai rai. Duk fasinjan da na ce wa "gicciyen Leoncio, mun iso", ƙasa na ƙara a kan mutumin da yake can yana shan sanyi.

Rumyana ba ta jin mu. Tana kallon kofunan ruwa.

"Wannan na mene ne?"

"Na mamaci," na ce. "In mutum ya mutu ana ajiye masa ruwa kwana tara ana addu'a, don kada ya tafi da ƙishi. Ranar tara a zubar, a sallame shi."

"Babana yana ajiye kofin ruwa a taga. Tun ina yarinya. Da sanyi ya daskare, ya fasa kofin, ya sayi wani. Mamana ta ce na tsuntsaye ne." Ta matsa kusa da teburin. "Yakan tsaya a gabansa yana cewa, Evaristo, ka yafe min. Evaristo, ka yafe min. Na ɗauka da kansa yake magana. Har dariya nake yi masa."

Socorro ta miƙe, ta gyara kyandir ɗin da bai karkace ba.

"Kwana tara aka ce," na ce mata. "Naku ya shekara talatin da wani abu. Me ya hana ku zubarwa?"

"Mu sallami wa? Mun yi addu'ar kwana tara da ƙofa a buɗe, unguwa cike da ɗaki, muna kiran Leoncio. Leoncio yana cikin jirgi da ransa. Duk shekara fada ya yi masa addu'a a coci da sunansa. Shi kuwa wanda yake cikin ramin, ko sau ɗaya ba a kira sunansa a gaban Allah ba. Ba a sallame shi ba. Yana nan."

"Yana ina?"

"A gidan nan. In na cika kofin da safe, kafin rana ta take ya yi rabi."

"Zafi ne," na ce. "Ko a motata ruwa yana ƙafewa."

"Kana jin zafi a ɗakin nan?"

Na gyara zama a kujerar.

"Me ya sa kofi biyu?" in ji Rumyana.

"Rigimar tsufa ce. Wata safiya Mama ta tashi ta ce in ƙara kofi. Na ce na wa? Ta ce ke dai ƙara."

"Yaushe?"

"Cikin watan Maris. Kafin makon Ista."

Rumyana ta ƙanƙame gwangwanin.

"A watan Maris ya rasu. Ban gaya wa kowa a ƙasar nan ba. Ban san kowa ba."

Na kalli kofunan. Dukansu biyu sun yi rabi, daidai wa daida, kamar an auna. Na ce a raina zafi ne. Na sake cewa zafi ne.

Sai Socorro ta juyo, fuskarta ta canza. Ta zama irin ta matan kasuwa in ciniki ya ƙare.

"Kin ji abin da kika zo ji. Yanzu naɗe shi ki tafi da shi."

"In kai shi ina?"

"Inda kika ɗauko shi."

"Goggo, gobe jirgina."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Ba zan mayar da shi cikin ƙanƙara ba! Shekara talatin yana jin sanyi. Ko da zafi yana sa rigar sanyi. Cewa ya yi in kawo shi gida!"

"Rage murya! Kabarin da mutum a ciki. In je in ce wa masu maƙabarta me? Ku buɗe min kabarin Leoncio in sa Leoncio? Kuma tsohuwar can, abu ɗaya ya riƙe ta a duniya. Kullum sai ta ce yaƙi ya ƙare, yaron nan zai dawo. Ki nuna mata gwangwani, ki hau jirginki, ni ki bar ni da gawa ta uku?"

"Socorro," na ce, "ɗan'uwanki ne."

"Kai kuma wa ya sa da kai? An biya ka ka tuƙa mota, tuƙa mota."

"Na tuƙa. Na kawo shi inda ya ce. Ba na mayar da fasinja bayan ya iso."

"To saukar da shi a kwana. Ai can ne adireshinsa."

Rumyana ta fashe da kuka. Ba irin kukanmu ba, nasu ba sauti, sai kafaɗa tana rawa. Ta fara naɗe ɗankwalin, hannunta ya kasa ɗaurin. Na miƙe zan karɓa.

"Socorro."

Daga bayan labule muryar ta fito. Siririya, amma ba rawa a cikinta.

"Mama, koma ki kwanta. Masu sayen ayaba ne."

"Masu sayen ayaba ba sa kuka."

Labulen ya motsa. Wata 'yar tsohuwa ta fito tana lalube da bango, ƙanƙanuwa kamar yarinya, farin gashi har baya, idanun sun yi fari fat. Ba ta nemi sanda ba. Ta ratsa ɗakin kai tsaye, ta zagaye kujerata da nisa, ta zauna a ta tsakiya. Ta buɗe hannuwa.

"Miƙo min shi."

Ba wanda ya motsa.

"'Yar nan, da ke nake. Kin sha ɗauka. Miƙo min ɗana."

Rumyana ta durƙusa ta ɗora mata gwangwanin a cinya. Tsohuwar ta shafa shi sama da ƙasa, ta ɗan ɗaga shi tana jin nauyinsa.

"Ranar da na haife ka ka fi haka nauyi, Leoncio."

Ta fara lilo da shi a hankali. Sannan ta miƙa hannu ta lalubo fuskar Rumyana, goshi, hanci, haɓa.

"Hancin gidanmu ne. Me ya tsayar da ke? Shi tun watan Maris ya iso. Shi da wansa suke zaune min a bakin gado ba sa yi wa juna magana."

"Mama," in ji Socorro, "don Allah..."

"Yi min shiru. Na yi shekara talatin ina jin taki." Ta juya wajen Rumyana. "Ya zo gida, ba inda za shi. Gobe a buɗe kabarin a sa shi kusa da wansa. A kira mai fenti ya rubuta suna biyu. Yau kuma za mu fara kwana tara, ƙofa a buɗe, da sunan Evaristo. Da ƙarfi, yadda wanda yake bakin kwanar titi zai ji. Jirginki ya tafi abinsa."

"Mama, unguwa za ta..."

"Waɗanda nake tsoro duk sun mutu. Saura waɗanda suke tsorona."

Rumyana ta kifa kai a gwiwar tsohuwar. Na ce shi kenan, aiki ya ƙare, bari in je in ci abinci. Har na laluba makullin mota.

Sai yarinyar ta ɗago tana share ido.

"Don Chencho, ka kai ni in sayi fure. Ina so in ajiye a kwanar, inda baffana ya faɗi."

Kujerar tsohuwar ta tsaya cak.

"Wace kwana?"

"Inda gicciyen yake a da, Kaka."

"Ba wanda ya faɗi a kwanar can. Mu muka ja shi muka kai shi, ni da ubanki, a cikin bargo." Ta juyo da fararen idanun nan saitina, kamar tana ganina. "Kai direba. Tun ɗazu nake jin kujerarka tana cijewa. Ɗaga ƙafarka."

Na ɗaga.

"Nan ya faɗi. Jinin ya ƙi fita daga tayil, na fasa da taɓarya na yaɓe da hannuna."

Ban san lokacin da na tsinci kaina a jikin ƙofa ba. Ni, Fulgencio Potosme da kuke ce wa Chencho, da na kwana da gawa a rami.

Rumyana tana durƙushe har yanzu.

"A cikin gida? Kaka... babana ne? Shi ya sa yake cewa a yafe masa?"

"Ubanki ne ya shigo da bindigar cikin gidan nan, na abokinsa ce, ya zo yana nuna wa mutane. Wannan laifinsa ne, ya kuma tafi da shi har kabari." Ta shafa gwangwanin. "Amma lokacin da bindigar ta tashi, yana bayan gida yana tsinko gwaiba."

Wani abu ya tarwatse a bayana. Na juya. Ɗaya daga cikin kofunan ne a ƙasa, ruwan yana gangarowa wajen simintin. Socorro tana tsaye a gaban teburin, hannunta a buɗe.

Tsohuwar ba ta ko juya ba.

"Socorro," ta ce. "Ke za ki faɗa mata, ko ni?"